Babur Ɗin Asibitinmu da Kwabban Inna Tumba

Kun matsa mini in ba ku labari ɗaya daga cikin aikin da na yi kafin in aje. To ku saurara, kuma kada wanda ya katse ni. Ranakun aiki suna da yawa, wasu sun bi ruwa, amma akwai wata Talata da ba ta taɓa fita raina ba: ranar da mai binciken kayan gwamnati ya zo asibitinmu na Tungar Ƙwarya da gwangwanin jan fenti. Ni ban yi boko ba, saboda haka kada ku tambaye ni lambar shekara. Abin da na riƙe shi ne kaka ce ta biyu bayan an yanke mu daga Sakkwato an ba mu jihar Kebbi. An gama yankan gero, ruwan tafki ya cika har ya kwanta a gindin gonakin shinkafa. Masu karatu a cikinku sai su lissafa.

Asibitin namu na sha-ka-tafi ne, ɗaki uku a jere bisa tudu, yana kallon ruwa: ɗakin magani, ɗakin ajiya, da ɗakin haihuwa. Mu uku ne ma'aikata. Babbanmu Malam Bulus, shi ne incaji, wato mai riƙon asibitin, yana lebul shida a matakin albashi. Na haife shi nesa ba kusa ba, amma aikin gwamnati ba ya duban furfura. Hannunsa da sanyi wajen allura, kuma bai taɓa sayar da ƙwayar maganin gwamnati ko guda ba. Ina da ido, da ya yi da na gani. Sai ni, Tumba, ungozoma. Na daɗe ina karɓar haihuwa a gidaje kafin a kira mu Yelwa a yi mana kwas, a ba mu akwati da almakashi, a ɗauke ni atanda, wato mai taimako, a lebul biyu. Na ƙarshe Kofur Manu mai gadi, lebul ɗaya, tsohon soja. In ka zauna da shi rabin sa'a sai ka rantse shi kaɗai ya gyara duk motocin soja lokacin yaƙi. Daga baya wani da suka yi bariki tare ya tsegunta mini cewa wake yake dafa wa sojoji.

Na huɗunmu shi ne babur. Fari ne, mai lambar gwamnati, an ba mu shi don yawon rigakafi. Ku da kuka tarar da kwalta da wayar hannu ba za ku gane abin da babur ɗin nan yake a wurinmu ba. Kafin zuwansa, in haihuwa ta fi ƙarfina, sai dai a sa mace a kwale-kwale a tuƙa zuwa Yelwa. Akwai wadda na raka haka, muka juyo da ita a lulluɓe tun ba mu ga gaɓa ba. Da babur ya zo, sai Malam ya zauna gaba, mu ɗora mace a tsakiya, ni in zauna baya in rungume ta, har bakin babbar hanya inda ake samun mota. Don haka ni ba na kallonsa a matsayin abin hawan Malam. Kayan aikina ne, kamar almakashina.

Shi babur yana da ƙafa biyu na tsayuwa. Akwai ƴar ƙaramar ta gefe, wadda tamu ta daɗe da karyewa, kuma ko tana nan ba ta da amfani a yashin bakin ruwa, nutsewa take. Sai babbar ta tsakiya mai reshe biyu, wadda makanikai ke kira dabul-istan. Ita ce in ka taka ka ja babur baya, sai ya hau kanta ya tsaya cak, tayar baya a sama. A kanta ake faci. A kanta ake ɗaure akwatin sanyi na allurar rigakafi. A kanta kuma nake ɗora mai naƙuda, don ba a ɗora mace mai ciwo a kan abin da ke rawa. Wani sandan ƙarfe ne ya ratsa ya riƙe ƙafar a cikin babur, sannan akwai sifirin mai tauri da ke janye ta sama in za a tafi, don kada ta riƙa jan ƙasa.

To Malam yana da wata ɗabi'a. In an tashi aiki da la'asar, sai ya kafa babur a ƙafar tsakiya ƙarƙashin dogon yaron da ke ƙofar asibiti, ya haye, ya ɗora rediyo a kan tanki, yana lilo gaba da baya kamar mai rarrashin jariri. Ga shi kuma duk mako sai an tsallaka da babur ɗin zuwa gungu, wato tsibiri, a jirgi, a sauke shi cikin ruwa, tsatsa tana cin ƙarƙashinsa.

Na ce masa, "Malam, wanga abu ba kujera ba ne."

Ya ce, "Inna, ƙarfen Japan ne. Ko giwa ta hau ba abin da zai yi."

Na ce, "To. Ni dai na faɗi."

Sau uku ina faɗa. Daga nan na kama bakina, don wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

Hohon ya zo ranar kasuwa, mata cike da inuwar bishiya suna jiran awon ciki. Yana cikin lilonsa sai muka ji ƙwas! Ɗan ƙarfen da ke tare bakin sandan ya gutsure, sanda ya zame, ƙafa ta baje. Babur ya yi hagu, Malam ya yi dama, rediyo ya faɗa cikin ƙwaryar nonon wata Bafulatana yana ta karanta labarai. Ba wadda ta yi dariya sai da ya shige ɗaki. Kofur ya tsince sandan da sifirin ya zuba aljihu, aka ɗaure ƙafar sama da robar taya. Tun daga ranar babur ɗinmu ya zama kamar tsoho, bai tsayuwa sai an jingine shi da bishiya.

Za ku ce don me ba a kai wa makanike ba. Bari in gaya muku yadda doka take a lokacin. Kayan gwamnati ba a taɓa shi sai da takarda. Incaji zai rubuta takardar neman gyara kwafi uku. Ɗaya ta zauna wurinsa, biyu su tafi hedikwata wurin shugaban sashen lafiya. Shi ya sa hannu ya tura wa sashen ayyuka, su aiko mutum ya gani da idonsa cewa abin ya lalace. In ya gani, sai a tura wa sitokifa ya duba ko akwai irinsa a sito. Wanda ya tsallake wannan ya kai wa makanike da kansa, kweri ce, wato takardar tuhuma, kuma kweri uku suna iya cin aikin mutum. Malam ya rubuta takardarsa tun ranar. Amma lokacin jiha sabuwa ce, rabin fayil suna Sakkwato, rabi suna Birnin Kebbi, wasu suna cikin buhu a hanya. Wata biyar ba amsa.

Ana haka, ranar wata Litinin da yamma masinja ya kawo takarda. Malam ya karanta, na ga ya zauna a kan benci ba shiri. Wai sabuwar jiha tana son sanin abin da ta gada, an turo mai bincike, wanda ake kira Odita, yana bi asibiti-asibiti. Gobe bayan azahar namu ne. Masinjan ya ƙara mana da abin da ba ya cikin takarda. Ya ce mutumin nan abu uku yake nema ga babur: ya tashi, ya ci birki, ya tsaya da ƙafarsa. In ya faɗi ɗaya, sai ya zana masa gicciye da jan fenti a tanki, a jefa shi bayan mota, sai gwanjo. Ya ce makon jiya haka aka ɗauke na wani asibiti, injinsa lafiya lau, don kawai an tarar da shi jingine da bango.

Malam ya ce, "In na bar shi haka, a ɗauke. In na kai wa makanike, kweri."

Kofur ya buga ƙafa irin ta soja ya ce, "Sa! Ba makanike, ba kweri. Ni nan na isa. Wanda ya kwance injin tankar yaƙi, ƙafar babur mi ce?"

Na ce, "Ba a fafe gora ranar tafiya, Kofur."

Ya ce, "Ke dai ungozoma tsaya ga jariranki. Wanga aikin maza ne."

Washegari da sassafe aka kawo mini wata yarinya daga ruga, Dija, haihuwar fari. Saboda haka ina ɗakin haihuwa tun fitowar rana. Sai dai tagar ɗakin tana kallon dogon yaro, kuma Allah ya ba ni ido biyu: ɗaya a kan Dija, ɗaya a kan maza.

Gaskiya ɗaya ce, farkon aikin Kofur ya yi kyau. Ya kankare tsatsar sandan da yashi da toka, ya shafa masa man shanu, ya daidaita ƙafar, ya buga sandan ya shige. Ramin da ɗan ƙarfen nan ya gutsure ya zura ƙusa ya lanƙwashe bakinta. Ya miƙe yana share hannu yana duban taga, don ya san ina kallo. Saura sifirin. Shi kuwa yana da ƙugiya a kowane baki, ɗaya ta kama jikin babur, ɗaya ta kama ƙafar. Suka maƙala ta sama. Ta ƙasa ta rage kamar faɗin yatsa biyu ta kai inda za ta kama. Yatsa biyu kacal. A kan yatsa biyun nan maza biyu suka kwashe tun hantsi har rana ta take tsaka.

Da farko Kofur ya ja da filaya. Filaya ta zame, gwiwar hannunsa ta sami Malam a haɓa. Sai Malam ya karɓa ya ce a bar wa ilimi, ya zura sukudireba ya banƙaro ƙugiyar, ta kuɓuce ta ɓare masa fatar yatsa, ya shiga ya ɗaure da bandejin gwamnati. Sai suka ɗaura igiya a ƙugiyar, Kofur ya naɗe ta a ƙugu ya juya baya yana ja kamar san noma, Malam yana riƙe da babur yana cewa, "Saura kaɗan! Saura kaɗan!" Babur ya biyo Kofur, Malam ya biyo babur.

Dija tana cikin ciwo ta ce, "Inna, faɗa ake a waje?"

Na ce, "Aiki ake. Ke yi naki."

Wajen sha ɗaya Allah ya sauke ta lafiya, ɗa namiji. Ina cikin yanke cibi na ji Kofur yana cewa a kawo taɓarya. Na leƙa. Sun ɗaura waya a ƙugiyar, sun naɗa wayar a taɓarya, sun tokare ta da tushen bishiya, su biyu sun danna. Sifirin ya miƙe, ya miƙe, har na ce a raina yau kam sun ci. Sai ƙugiyar sama ta kuɓuce. Na ga abu ya tashi yana walƙiya, ya bi ta kan hular Kofur, ya haye danga. Can muka ji ɗan ƙaramin sauti, tsulum. Rijiyar asibiti gaba goma sha biyu ce, kuma a cike take.

Suka tsaya a bakin rijiya suna leƙe kamar an ce musu zai taso. Kofur ya ce a nemo masunta su yi nutso. Malam ya bar bakin rijiyar. Ya dawo ya zauna a tushen bishiya, ya riƙe kai da hannun nan mai bandeji. A nan ne na daina jin haushinsa. Yaro ne, kuma ya san abin da za a rasa.

Na gama gyara Dija da ɗanta, na wanke hannu. Yanzu bari in gaya muku abin da ba wanda ya sani a asibitin nan sai ni. Gadon haihuwarmu na ƙarfe ne, irin mai ragar waya, kuma sifirin ne kewaye da shi suke riƙe ragar, na kusurwa huɗu sun fi sauran kauri. Mace mai naƙuda kuwa in ta taka gado, ƙarfinta ya fi na Kofur da Malam a haɗe. Duk bayan ƴan watanni sai wani sifirin ya fita. A ƙasarmu namiji ba ya shiga ɗakin haihuwa, ko mijin ne, ko incaji ne. Wa zan kira ya mayar mini? Shekara da shekaru ni nake mayarwa, ni kaɗai, da waɗannan hannuwan. Na ja da ƙarfi na gaji, har wata rana Allah ya nuna mini dabara.

Ina da wani gwangwani na tsofaffin kwabbai, irin masu huji a tsakiya na zamanin Turawa, waɗanda aka daina karɓa tun tuni. Da su na fito daga tsohon garinmu lokacin da ruwan dam ya ci shi. Ko ƙuli-ƙuli ba za su saya ba, amma ban yar ba.

Na tsuguna a ƙarshen gadon na cire babban sifirin na kusurwar ƙafa, na ɗaure wurin tam da igiyar taru. Dija ta ɗago kai ta ce, "Inna, gadon ma sallamarsa za a yi?"

Na ce, "Kwanta. Ke da ɗanki ba ku kai nauyin da zai ji ba."

Na fito da sifirin a hannu ɗaya, gwangwani a ɗaya. Na ce, "Kofur, tashi ka riƙe babur. Malam, matsa."

Kofur ya ce, "Mi za ki yi da kuɗin matattu? Sadaka za ki ba aljanun rijiya?"

Na ce, "Riƙe babur, sarkin tankar yaƙi."

Na zauna a kan turmi. Na lanƙwasa sifirin a kan gwiwata, bakin zobbansa ya buɗe ta gefe ɗaya, na cusa kwabo. Na juya shi na lanƙwasa ta ɗaya gefen, na cusa wani. Haka, hagu da dama, hagu da dama. Kowane kwabo yana ƙara masa tsawo kamar kaurin farce. Ba ja, ba nishi. Malam ya matso yana kallo baki buɗe. Da na ga ya isa, na durƙusa, na maƙala ƙugiyar sama, na ɗaga ƙafar babur, na ɗora ƙugiyar ƙasa da yatsa biyu. Ta shige kamar an kira ta.

Malam ya ce, "Inna! A ina kika koyi wannan?"

Na ce, "Inda ba ka shiga."

Abin da ya rage shi ne a taka ƙafar sau ɗaya. In an taka, sifirin zai ƙara miƙewa, kwabban su zube da kansu, a tsince, shi ke nan ba wanda zai san an yi. Na buɗe baki zan ce Malam taka, sai ga ƙarar mota a kan tudu. Odita bai jira azahar ba.

Dattijo ne siriri, da farar riga da tabarau, da babban littafi a hammata. Direbansa na biye da gwangwanin fenti da buroshi. Ko ruwa bai sha ba. Ya dubi Kofur da ke rungume da babur, ya ce, "Mi ya sa ake riƙe da shi? Bai da lafiya?"

Kofur ya ce, "Lafiya lau, ranka ya daɗe! Gaisuwa yake."

Odita ya ce a tayar. Malam ya buga sau ɗaya, ya tashi. Ya ce a ci birki. Malam ya zagaya bishiya ya ci birki, Odita yana kallo. Ya rubuta. Sannan ya ce, "A tsayar da shi."

Malam ya dube ni. Na dubi sama. Ya sa ƙafa ya taka, ya ja baya. Babur ya hau ya tsaya cak, ko motsi babu. A daidai lokacin kuma cikinsa ya saki kwabbai. Yarrr! Suka zubo a kan tsakuwa, wasu suna birgima. Ɗaya ya gangara a tsaye, ya yi kewaye, ya zo ya kwanta a kan takalmin Odita.

Odita ya sunkuya ya ɗauka, ya ɗaga tabarau, ya juya shi gaba da baya. Ya ce, "Shekarata talatin ina aikin ga. Na ga babur mai zubar da mai, na ga mai zubar da noti. Ban taɓa ganin mai zubar da kuɗin Sarkin Ingila ba. Incaji, mi ke nan?"

Kafin Malam ya amsa, Kofur ya ƙame ya sara, ya ce, "Ranka ya daɗe, tsari ne! Maganin baki. Mutanen gungu suna da ido, shi ya sa muka..."

Na ce, "Kofur, ji tsoron Allah. Da furfurarka."

Na matso na ce, "Alhaji, ni ce. Ƙafar ta lalace wata biyar, an rubuta takarda ba amsa. Yau munka mayar da hannunmu. Kwabbai nawa ne, da su na buɗe sifirin. In laifi ne, ni a rubuta, kada a taɓa yaron nan."

Ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce, "Ke wa ce?"

"Ungozoma."

Ya durƙusa da farar rigarsa ya leƙa ƙarƙashin babur. Ya daɗe. Ya ce, "Wanga sifirin ba na babur ba ne."

"Na gadon haihuwa ne."

"Na babur ɗin fa?"

Duk muka dubi rijiya. Shi ma ya duba.

Ya buɗe littafi ya bi da yatsa. Ya ce, "Gadon ƙarfe ɗaya, ɗakin haihuwa. Shi ma yana cikin lissafina. Ke nan an gyara kayan gwamnati ba izini, an kuma ɓata wani kayan gwamnatin. Mu je in ga gadon." Ya yafuto direba da fentinsa.

Na riga shi zuwa ƙofar, na tsaya a tsakiya na kama ƙugu. Na ce, "Alhaji, nan ne iyakarka."

"Aikin gwamnati nike."

"Ni ma shi nike. Akwai maijego ciki, ko awa biyu ba ta yi ba. Kai ka san ƙasar ga. Ko gwamna ya zo, nan zai tsaya. In ka shiga, gobe ba macen ruga ko ta gungu da za ta sake tako asibitin nan, sai su koma haihuwa bayan ɗaki. Wannan kuma a wane shafi za ka rubuta shi?"

Ya tsaya. Na ga yana auna abin, don shi ma ɗan ƙasa ne, uwa ta haife shi. Ya ja baya taki ɗaya ya ce, "To ni doka ta ce in tabbatar ko gado yana aiki ko ba ya aiki. Ta yaya zan sani?"

Kafin in ba shi amsa, ɗan Dija ya tsala kuka daga ciki, irin kukan da ke tsaga kunne.

Na ce, "Ga shaida nan. A kansa anka haife shi da hantsin nan, a kansa yake kwance."

Direba ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Odita bai yi dariya ba, amma na ga gemunsa ya motsa. Ya rubuta. Ya koma gindin bishiya ya zauna a kan turmina, ya kira Malam.

Ya ce, "Incaji, an kai babur ga makanike?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"An sayo wani abu daga waje an sa mishi?"

"A'a. Sai ƙusa ɗaya, ita ma daga dangar asibiti aka zare."

"Dangar ta gwamnati ce. Sifirin na gwamnati ne, ya tashi daga gadon gwamnati ya koma babur ɗin gwamnati. Na rijiya ma yana cikin rijiyar gwamnati, bai bar harabar asibiti ba." Ya rufe littafi. "Ni a takardata gida biyu ne, yana aiki da ba ya aiki. Babu gidan wa ya gyara. Direba, mayar da fenti mota."

Malam ya sauke numfashin da nake jin tun jiya yake riƙe da shi. Kofur ya sake sarawa, har sau biyu.

Na ɗauka an gama. Sai Odita ya rage murya ya ce, "Inna, a sito can hedikwata akwai babura jingine da bango, da yawansu wanga ciwo ne kawai. Ni na shafa musu fenti da hannuna. Nuna mini yadda kinka yi."

Na ce, "Ba a koyo da ido. Naɗe hannun riga."

Na sa aka sake cire sifirin, na miƙa masa. Babban ma'aikaci daga Birnin Kebbi ya zauna a kan turmi yana cusa kwabo, ina tsaye a kansa ina cewa, "Ba haka ba. Juya. A hankali, ba faɗa ake ba." Kofur yana gefe yana gyaɗa kai yana gaya wa direba wai haka suke yi a soja. Da Odita ya maƙala da hannunsa, ya taka, kwabbai suka zubo, sai ga shi yana dariya kamar yaro. Na ɗebi rabin gwangwanin na ƙulle masa a ƙyalle. Kafin ya tafi ya aika wa Dija da goron suna daga bakin ƙofa.

Amsar takardar Malam kuwa ta zo, kada ku ce gwamnati tana mantuwa. Bayan damina biyu aka aiko mana da sabuwar ƙafa fil a cikin leda, da takarda kwafi uku. Ta wani irin babur ce daban, ko kusa ba ta shiga namu ba. Mayar da ita sai an sake wata takardar. Sai na kafa ta a bayan ɗakin haihuwa, na haɗa da dutse ɗaya, ta zama murhun da nake dafa almakashi. Ban taɓa samun murhu mai kyanta ba.

Babur ɗin nan ya ƙara shekaru yana tsaye a kan sifirin ɗin gadona. Mata nawa muka ɗora a kansa, ban riƙe ba. Malam bai sake zama a kansa yana lilo ba, benci ya sa aka kafa masa.

Abin da nake so ku ɗauka, ku masu shigowa aiki yanzu, ba yawa. Takarda tana da ranarta, ku rubuta ta, amma mai naƙuda ba ta jiran sa hannu. In abu ya ƙi shiga, kada ku ce sai ƙarfi, haihuwa ma ba a jan ta, hanya ake buɗe mata kaɗan-kaɗan. In babba ya tambaye ku, ku faɗi gaskiya, don mai bin doka na ƙwarai ya fi kowa sanin inda ƙofarta take. Sannan kafin ku aika hedikwata neman mai ilimi, ku fara tambayar na lebul ɗaya da na lebul biyu abin da suke yi a ɗakin da ba ku shiga.

Sauran kwabban suna nan a gwangwanina. Wanda ƙafar babur ɗinsa ta saki ya zo da kansa, kuma ya zo da hannun riga a naɗe.